Shekarar da Jirgin Ruwa Ya Kwana a Ƙofar Gidanmu

Na sha jin ku, musamman ke Hadiza da bakinki ba ya ajiye magana, kuna cewa ni ce na hana babanku komawa ƙauye, ni na raba shi da yayansa Ummaru, wai don ba zan iya rabuwa da ƙosan Ƙofar Sauri da hirar maƙwabta ba. Ba na jin haushinku, haka kuka taso kuka ji ana faɗa. Kuma gaskiya ne ban so tafiyar nan ba, ko kaɗan. Ni mutum ce da in an ce mini biki a Ƙofar Guga sai na kwana ina tunanin nisa. Amma Allah shi ne shaida, ban taɓa buɗe baki na ce wa babanku kada ya tafi ba. Abin da ya tsayar da shi jirgin ruwa ne. Na san za ku yi dariya, ku ce ina Katsina ina jirgin ruwa. To ku saurara, don lokacin ku manya an kai ku ɗakunanku, ƙananan kuma ba su san dawan garin ba.

Babanku rewaya ne, mai gyaran wayar mota, kuma rumfarsa a jikin zaurenmu take. Ban taɓa fita na tsaya a kansa yana aiki ba, amma duk abin da ake yi a rumfar nan a kunnena yake. Ina tsakar gida ina tankaɗe, na san ƙarar motar da ta zo da ciwon batir, na san wadda hon ɗinta ya shaƙe, na san lokacin da sifana ta suɓuce masa ta faɗi a jikin mota. In na ji ya fara raira karatu ƙasa-ƙasa, to aiki ya yi kyau, na ƙara mai a miya. Haka muka yi shekaru, har aka fara shigo da motocin nan da ake ce suna da ƙwaƙwalwa, waɗanda sai an jona musu na'ura su faɗi ciwonsu da kansu. Masu kawo masa aiki suka riƙa raguwa kamar ruwan randa a bazara. Rumfar da ba ta rabuwa da hayaniya ta koma wurin kwanan akuyar maƙwabta. Shi kuwa ya daina raira karatu, ya daina tsokanar Inna, mahaifiyarsa da ke zaune tare da mu. Ya shigo, ya ci abinci kamar magani, ya fita.

A wannan halin Yaya Ummaru ya zo daga ƙauye. Ina ɗaki ina jin su a zaure.

"Lawal, mi kake jira? Gonar Baba na nan, rabinta naka ne, ni kaɗai ba ni iya mata. Ƙasa ba ta canza ƙwaƙwalwa. Ka kwaso iyalinka kafin ruwa ya sauka."

Babanku ya ce, "To, Yaya. Kafin shuka ina nan tafe."

A birnin nan aka haife ni, kusa da Gobarau, a birnin nan aka kawo ni ɗakin miji, a gidan nan na binne cibiyarku duka. Na tambayi Inna ko za ta sa baki, ta ce, "Ke Indo, ni tsohon tulu ce, inda aka aje ni nan nake. Amma ɗan nan in ya bar wayoyin nan, ba gona zai tafi ba, kwanciya zai tafi." Daga ranar ya fara zuba kayan aikinsa a buhu, yau filaya, gobe sukudireba, ni kuma ina jin kowane ɗaya yana faɗawa kamar a cikina.

Wata safiya cikin zafin nan da ke gaban damina, sai na ji unguwa ta ɗauki ihun yara, ga wata ƙara ta ƙarfe ana jan abu a hankali. Na yafa mayafi na leƙa ta zaure. 'Ya'yana, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Wani abu ne fari sol da zanen shuɗi a gefe, ya fi ɗakina tsawo, cikinsa a zagaye kamar rabin ƙwai, bakinsa a tsuke yana kallon sama, yana zaune bisa tayoyi a bayan a-kori-kura. A garin da ba mu da gulbi, sai kududdufi in damina ta yi albarka! Mai shayi ya bar tukunyarsa, masu acaɓa suka faka, wani tsoho da ke hanyar masallaci ya tsaya yana ta salati. Ni dai na tsaya baki buɗe ina tunanin wai wannan abin, da girmansa da nauyinsa, ruwa ke ɗauka.

Mai shi Alhaji Sule ne mai kifi, wanda babanku ya daɗe yana gyara wa motar dako. Daga Kudu ya sayo shi, zai kai shi dam ya riƙa kwaso kifi daga hannun masunta. Suka gaisa, an tambayi gida, an tambayi Inna, an tambayi zafi da kasuwa da gajiyar hanya, sannan Alhaji ya ce:

"Malam Lawal, wuta nake so ka jawo mani nan gefen sitiyari. Soket guda, irin na mota, wanda direba zai soka fitila ko ya yi cajin waya. Mutum na tsakiyar ruwa waya ta mutu, wa zai kira?"

"Alhaji, ai na ɗaure kayana."

"Kwance su. Don waya ƙwaya biyu? Ni ban san hannun kowa ba sai naka."

Da babanku ya shigo ɗaukar buhun ya ce mini, "Indo, wannan shi ne na ƙarshe. Aikin da ba ya kai azahar." Na ce Allah ya ba da sa'a, na koma bakin murhu na kasa kunne.

Yadda ya yi aikin, daga baya ya ba ni labari har na haddace. Batirin jirgin a can baya yake kusa da inji. Ya huda gefen sitiyari ya zaunar da soket, ya jawo jar waya tun daga batir ta bi gefen jirgin har gaba, ya sa mata fis kusa da batir don in wani abu ya haɗu fis ɗin ya ƙone, ba jirgin ba. Sai ya yanko 'yar guntuwar baƙar waya, ya ɗaure ta a wani noti da ke riƙe da sitiyari, kamar yadda ya yi a motocin da ba su ƙirguwa. Ya soka fitilar Alhaji. Shiru. Ya kai fitilar kan batir, ta kama tar. Ya dawo da ita soket, ta mutu. Ya canza fis. Ya canza soket. Ya zare jar wayar gaba ɗaya ya sa sabuwa. Ya kankare notin nan har yana ƙyalli, ya ƙara ɗaure shi. Azahar ta yi, la'asar ta wuce, jama'a na tsaye, kowa da fatawarsa. Ina jin mai shayi yana cewa, "Malam Lawal, abin ruwa ne fa, ba ya aiki bisa tudu. A watsa mashi ko bokiti guda a gani." Wani ya ce ai irin waɗannan da mutanen ɓoyensu suke zuwa. Aka yi ta dariya. Babanku ya ci gaba da kankare notinsa.

Jirgi ya kwana a ƙofar gidanmu. Washegari ma haka aka wuni. Da ya shigo cin abincin rana, ya zauna a tabarma ya zuba wa kwanon dambu ido, sai ya faɗi maganar da har yau ban manta ba.

"Indo, da ina cewa motoci ne suka canza. Ashe ni ne na ƙare. Waya biyu ta gagare ni."

Kun san ni, in na rasa abin faɗa sai na yi ta zuba. Don dai ya saki rai ya ci abinci, na ce, "Ni kam Malam, jirgin nan naka ko muryarsa daban ce. Mota in sifana ta faɗo mata sai ka ji ƙal, har haƙorinka ya amsa. Wannan kuwa tun jiya nake ji, in ka buga shi sai ya ce ƙum, ƙum, kamar ana kiɗan ƙwarya."

Inna ta karɓe daga bakin ƙofarta. "Ashe ke ma kin ji! Ni har na fara gyaɗa kai. Da muna 'yan mata haka muke kifa ƙwarya bisa ruwa mu yi ta bugu. Ku dai ba ku ishe komi ba."

Na juyo in ga ko ya yi murmushi, sai na ga ya tsaya da loma a hannu.

"Sake faɗa."

"Na ce kamar ƙwarya."

"Ƙwarya," ya ce. "La'ilaha illallahu. Ƙwarya!"

Ya miƙe ko hannu bai wanke ba, ya fita da takalmi ƙafa ɗaya. Inna ta ce, "Shi ke nan, kin ida haukata mani ɗa."

Ni ban san na faɗi wani abu ba, sai da ya warware mini. Ashe wuta ba ta tafiyar da ba dawowa. In ta fita daga batir ta jar waya ta yi aikinta, dole ta sami hanyar komawa batir. A mota jikin motar ne hanyar, tunda duk ƙarfe ne, shi ya sa ko'ina ka ɗaure baƙar waya ya wadatar. Jirgin nan kuwa faiba ne, ɗan'uwan roba. Ya ce tun da aka kawo shi ya san faiba ne, ya ma faɗa wa mai shayi da bakinsa, amma kai ya sani, hannu bai sani ba. Hannun da ya shekara talatin yana neman noti mafi kusa bai tsaya tambayar kowa ba. Notin da yake ta kankarewa ƙarfe ne, amma a zaune yake shi kaɗai kamar ƙusa a jikin ƙwarya, ba inda ya kai.

Ya auno baƙar waya doguwa, tsawon jar, ya jawo ta tun daga soket har kan batir. Ina tsaye a zaure wannan karon, ban ɓoye ba. Ya soka fitila. Rana tsaka ce, amma sai da hasken ya bugi bangon maƙwabta. Unguwa ta ɗauki kabbara da tafi, mai shayi yana cewa ai shi dama ya faɗa. Babanku kuwa ya zauna a kujerar direba, ya kashe, ya kunna, ya kashe, ya kunna, yana kallon fitilar nan kamar yau ya fara ganin wuta.

Na ɗauka an gama, sai na ga ya warware komai. Alhaji Sule da aka kirawo ya ce, "Malam, lafiya? Abu ya yi, kana kwancewa?"

"Alhaji, aikin mota na yi maka. Mota in ta mutu ka sauka ka tura. Wannan in ya mutu, ina za ka sauka?"

Ya sayo waya mai kauri. Duk inda ya haɗa sai ya narka dalma ya rufe, ya naɗe da salatif, don kada danshi ya ci. Ya ɗaga wayoyin daga ƙasan jirgin inda ruwa zai taru, ya bi da su sama yana ɗaurewa taki-taki. Ya nemo soket mai murfi. Har la'asar yana ciki, kuma a wannan yammacin na ji abin da na daɗe ban ji ba: yana raira karatu. Na ƙara mai a miya. Amma da ya shigo sai na ga ya mayar da kayan cikin buhu ya ɗaure bakin. Alkawari ya riga ya fita, kuma babanku ba ya mayar da magana. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Alhaji ya ce shi ba zai karɓi aiki a tudu ba, sai an gwada a ruwa, kuma a zo da uwargida tunda ya ji an ce da bakinta a ciki. Na ce Allah ya kiyaye, ni ba kifi ba ce. Inna ta ce, "Tashi ki tafi ki gano muna. Kin tsufa ba ki san ruwan da ya fi na kwatarniya ba." Haka na shiga gaban a-kori-kura ina karanta duk addu'ar da na iya, jirgi na biye da mu.

Da muka hau wata 'yar ganuwa, sai ƙasa ta ƙare. Ban san yadda zan faɗa ba sai haka. Ƙasa ta ƙare, sama ta sauko ta kwanta. Ruwa ne iya ganina, yana motsi ba mai motsa shi, rana ta farfashe a kansa kamar an watsa sababbin kwabbai. Wasu fararen tsuntsaye suna tsaye a cikinsa ba abin da ya dame su. Na tuna yadda nake faɗa da ku a kan moɗa guda in kun zubar, na ce a raina, Ya Rabbi, ashe kana da wannan a ajiye, kusa da mu haka, ni ina can ina lissafin randa.

Kafin a tura jirgin, masunta suka kewaye shi. Suka ga fitila, suka ga waya na caji, sai tambaya ta ɓarke. Wannan yana son fitila a kwalekwalensa, wancan injin ban ruwansa ne ba ya tashi, wani ya ce batirinsa ke shanyewa ba dalili. Wani dattijo ya riƙe hannun babanku ya ce, "Malam, wace rana za ka dawo? Mu nan ba mu da mai duba muna." Babanku ya ce, "Allah ya nuna muna," bai ƙara ba.

Aka ɗaura mini wata riga mai ruwan lemo a kan hijabi, na koma kamar buhun gero. Direban, wani Basarke masunci mai suna Ɗanjuma, ya ce, "Hajiya, zauna tsakiya, kar ki kalli ƙasa." Ina ƙasar take? Ya tayar da inji. Abin nan da ya kwana a ƙofar gidanmu kamar gawa sai ya farka, ya ɗaga baki, ya tsaga ruwa gida biyu. Na damƙe gefensa da hannu biyu. Bakin gaɓa ya yi ta ja da baya har mutane suka koma kamar ƙudaje. Can tsakiya Alhaji ya ce a kashe inji a gwada wutar ba inji. Aka kashe. Shirun da ya sauko ban taɓa jin irinsa ba. Ni da kunnena bai taɓa hutawa ba, ba hon, ba turmi, ba kukan yaro, sai ruwa yana ɗan lasar jikin jirgin.

Fitila ta kama. Babanku ya zare ta, ya ciro wayarsa da ta mutu tun shekaranjiya don ba a kawo wuta ba, ya jona a soket ɗin da ya haɗa da hannunsa. Ya tsaya yana kallonta har ta farfaɗo. Sai na ga yana latsawa. A shirun nan har muryar wancan ɓangaren nake ji.

"Salamu alaikum, Yaya. An wuni lafiya? Ya iyali? Ya zafi?"

"Lafiya lau. Kai Lawal, ina kake nake jin iska haka?"

"Bisa ruwa nake, Yaya."

"Bisa mi?"

"Ruwa. Yaya, ka yi haƙuri, ka gafarce ni. Ba ni zuwa. Ina da sauran aiki."

Sannan Yaya Ummaru ya ce, "Matarka ce."

Babanku ya waigo ya dube ni. "Ga ta nan, Yaya. Ta riƙe jirgi da hannu biyu, tun da muka taso ko a ba ta ce ba. Ni ne."

"To. Allah ya ba da sa'a. Gona dai ba ta jiran mutum."

Yaya Ummaru ya kashe wayar.

Ba ta jira ba kuwa. Baffanku Ummaru ya ba wani rabin babanku aro, aro ya zama riƙo, riƙo ya zama abin da kuka sani, rabin nan bai sake dawowa hannunmu ba. Yakan zo gaida Inna, ya zauna a ɗakinta, in na kai abinci ya ce ya ƙoshi. Bayan rasuwarta bai sake taka gidan nan ba. Babanku bai fasa zuwa masa yawon Salla ba har ƙarfinsa ya ƙare, kuma duk dawowar da zai yi sai ya kwana biyu ba ya magana. Wannan shi ne kuɗin da ya biya, kuma ya san zai biya tun yana latsa wayar. Abin da ya samu kuma, kun gan shi da idonku: duk mako yana bisa babur da buhunsa zuwa dam, ya dawo da ƙarnin kifi da labarin abin da ya koyo, tsoho da furfura yana murna kamar sabon ɗan koyo. Ban ce Baffanku ya yi laifi ba, shi ma ɗan'uwansa yake so kusa da shi. Ina dai so ku daina ɗora mini abin da ban ɗauka ba, kada kuma ku rage wa babanku abin da ya yanke da kansa.

A ranar dai, bayan babanku ya ajiye wayar, Alhaji Sule ya juya yana kallon tsuntsaye. Ɗanjuma ya kai hannu zai tayar da inji, babanku ya ce ya ɗan dakata. Ya share fuskarsa da hularsa, ya matso kusa da ni, jirgin ya ɗan karkata, na yi salati.

"Indo, saki jirgin nan, ba faɗuwa zai yi ba. Sa hannunki ki ji."

"Malam, ka rufa mani asiri."

"Hannu ɗaya."

Na saki na dama. Na sunkuya a hankali na tsoma shi har wuyan hannu. Sama zafi kamar bakin murhu, ruwan kuwa sanyi ƙalau, yana ratsa tsakanin yatsuna yana wucewa. Na daɗe a haka. Sai na ji bakina ya dawo.

Na ce, "Malam, in mun koma gida ka kwance buhun nan. Igiyar shanyata ce ka ɗaure shi da ita."